Yadda gansakuka mai ƙwaya ɗaya take rayuwa a cikin ƙanƙarar teku

Wata malama mai koyar da SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, a wani kwaleji nan Maraɗi ce ta aiko da tambaya. Tana cikin yi wa ƴan ajinta bayanin wuraren da halittu suke iya zama, ta ambaci cewa akwai gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya tak da ke rayuwa cikin ƙanƙarar tekun can ƙarshen duniya. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, in haka ne me ya sa ake sa nama a firigo don kada ya lalace, ai ƙanƙara ba ta barin komai ya rayu. Malamar tana son sanin yadda abin yake, da kuma ko akwai abin da za ta nuna wa yara da ido, tun da babu mai kai su can.

Malama, ki gaishe mini da yarinyar nan, don ta kama bakin zaren. Babu halittar da ke ci, tana girma, tana hayayyafa a cikin ruwan da ya daskare ƙam. Duk abin da ke gudana a cikin ƙwayar halitta sai da ruwa mai gudu. Abin da ya raba gardamar shi ne ƙanƙarar teku ba ta daskarewa gaba ɗaya. Cike take da ƴan ƙananan kafofi da hanyoyi masu ɗauke da ruwan gishiri wanda bai daskare ba, kuma a cikin wannan ruwan ne gansakukar take zaune. In yara suka gane wannan, sauran bayanin duk zai zo musu da sauƙi, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Da farko a raba ƙanƙara biyu da mutane suke haɗawa. Akwai wadda take taruwa a kan tudu daga dusar da ke zuba shekara da shekaru, irin ta Girinlan da ta tsakiyar nahiyar Antaktika, wadda gutsattsarinta ke ɓallewa su faɗa teku su yi ta yawo. Wannan ruwan daɗi ne. Akwai kuma wadda ruwan tekun da kansa yake daskarewa ya yi, wadda in ta shekara ɗaya ce kaurinta bai cika wuce mita ɗaya zuwa biyu ba. Ita muke magana a kai. Ba kuma ƙaramin fili take rufewa ba. A tekun Aktik na arewa, a watan Maris lokacin da ta fi yawa, tana kai wajen murabba'in kilomita miliyan 15. A kewayen Antaktika, a watan Satumba, tana kai wajen miliyan 18. Ƙasar Nijar gaba ɗayanta murabba'in kilomita 1,267,000 ce, sai ki sa yara su yi lissafin sau nawa ke nan.

Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, saboda haka ba ya daskarewa a sifili, sai ya sauka zuwa wajen digiri 1.8 ƙasa da sifili. In ya fara daskarewa, ƙwayoyin ruwa suna jeruwa ne bisa wani tsari mai kusurwa shida, kuma tsarin ba shi da gurbin gishiri. Ruwa zalla ne ke zama ƙanƙara, gishirin kuma a ture shi gefe. Mafi yawansa yana tsiyayewa ƙasa ya koma teku, amma wani kaso yana maƙalewa tsakanin faifan ƙanƙarar a matsayin ruwa mai tsananin gishiri. Yaranki sun san wannan da bakinsu ko da ba su san sunansa ba. In suka sayi zoɓo mai ƙanƙara a leda lokacin zafi suka tsotsa, zaƙin da jan ne ke fara fitowa, a ƙarshe a bar su da farar ƙanƙara lami. Sukarin da launin ba su taɓa shiga cikin ƙanƙarar ba, suna tsakankaninta ne a narke.

Yawan gishirin ruwan da ya maƙale ya dogara ne kacokan ga sanyi. Duk lokacin da sanyi ya ƙaru, wani ɓangare na ruwan sai ya ƙara daskarewa, kafar ta tsuke, gishirin ya ƙara kauri har ya kai matakin da ba zai daskare ba a wannan sanyin. A digiri 6 ƙasa da sifili gishirin yana kai wajen giram 100 a lita. A digiri 10 ƙasa da sifili, wajen 145, wato ninki huɗu na ruwan teku. A digiri 21 ƙasa da sifili ya haura 200. In ɗumi ya dawo, bangon kafar ya narke, ta buɗe, gishirin ya tsinke. Masu nazarin ƙanƙarar teku suna da wata ƙa'ida da suke kira ta biyar-biyar: ƙanƙara mai gishiri giram 5 a kilo, in ta kai digiri 5 ƙasa da sifili, ruwan da ke cikinta yana kai kashi 5 cikin ɗari na girmanta. In ta fi haka ɗumi, kafofin suna haɗewa su zama hanyoyi, ruwan teku ya riƙa shiga yana fita da abinci. In ta fi haka sanyi, hanyoyin su yanke, kowace kafa ta zama kurkuku.

Daga nan za ki gane dalilin da ya sa gansakukar ba ko'ina take ba. Saman ƙanƙarar yana fuskantar iska mai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili. Gindinta kuwa yana zaune a kan ruwan teku, kullum yana nan a wajen 1.8 ƙasa da sifili. Can ƙasan, a ƴan santimitocin ƙarshe, nan ne ya fi ɗumi, gishirin bai yi tsanani ba, kuma abinci na shigowa daga teku. Idan masu bincike suka huda ƙanƙarar da bututu mai haƙora suka zaro ta doguwa, za ki ga fara ce tas daga sama har kusan ƙasa, sai gindin ya fito da launin ruwan shayi mai kauri. Wannan launin shi ne gansakukar. A Antaktika akan same ta a tsakiya da saman ƙanƙarar ma, saboda dusa mai nauyi tana danna ƙanƙarar har ruwan teku ya malalo kanta.

Ga abin da za ki nuna a aji, kuma bai fi kuɗin gishiri ba. Ki sami kofi biyu na roba. Ɗaya ki cika shi da ruwan famfo. Ɗayan ki zuba masa ruwan da kika narkar da gishiri cokali biyu na cin abinci a lita ɗaya, wanda ya yi kusa da ruwan teku. Ki sa su a wurin ƙanƙara na firigo su kwana biyu, ko ki ba masu sayar da ƙanƙara na unguwa su ajiye miki in wuta ba ta zama a wajenku. Ranar darasi ki juye su a faranti. Na ruwan famfon zai fito da santsi da ƙarfi, haske na ratsa gefensa. Na gishirin zai fito fari dusu-dusu, jikinsa da danshi, in kika sa farce ko cokali zai riƙa ɓarewa falle-falle. Sai ki ɗiga tawada ko zoɓo mai kauri a kan kowanne. A kan na farko launin zai gangare ta gefe ya zuba a faranti. A kan na biyu zai nutse ciki, ya bi ƴan siraran layuka yana sauka yana rassa. Ki haska shi da fitilar salula ta baya su leƙa. Waɗannan layukan su ne gidan da ake magana. Gani ya kori ji.

To wace ce mai gidan? Iri-iri ne da yawa, ɗaruruwa, amma mafi rinjayensu ƴan dangin da ake kira dayatom ne, kuma wadda aka fi yin bincike a kanta ita ce Fragilariopsis cylindrus, da ake samu a arewa da kudu duka. Ƙwaya ɗaya ce, mai siffar ɗan sanda. Faɗinta bai wuce ƴan mikiromita kaɗan ba, alhali kaurin gashin kai yana kai mikiromita 70 ko kusa da haka. Wani lokaci suna manne da juna gefe da gefe su yi ɗan jeri, amma kowace da rayuwarta. Abin da ya bambanta dayatom da sauran gansakuka shi ne ɓawonta na silika ne, sinadarin da ke cikin rairayi da gilashi. Ɓawon biyu ne, na sama ya ɗan fi na ƙasa faɗi yana rufe shi, kuma jikinsa cike yake da ƴan huji a jere waɗanda da su ake gane iri. Tana haɗa abincinta da hasken rana da iskar kabon kamar kowane tsiro. Koren sinadarin ganye yana nan a cikinta, sai dai wani launi ruwan ƙasa mai suna fukozantin ya rufe shi, kuma shi ne ke taimaka mata kama shuɗi da koren haske, wanda shi ne ya fi iya ratsa ƙanƙara da ruwa.

Ba yau aka san da su ba. A tafiyar James Clark Ross zuwa Antaktika tsakanin 1839 da 1843, masanin tsirran da ke cikin ayarin, Joseph Hooker, ya lura da ƙanƙara mai launin ƙasa-ƙasa, kuma wani Bajamushe mai suna Christian Ehrenberg ya duba samfuran da aka kawo ya tabbatar ƴan ƙananan halittu ne. Ki riƙe sunan Ehrenberg, zai sake fitowa.

Shigarsu ƙanƙarar ba da niyya ba ce. In kaka ta yi a can, ruwa ya fara sanyi, ƴan allurai na ƙanƙara suna fitowa a cikin ruwan su taso sama, suna kwasar duk ƙwayar da suka ci karo da ita. Mafi yawan abin da aka kwasa mutuwa yake yi. Waɗanda suka rage su ne masu maganin matsalolin wurin.

Matsala ta farko ita ce ƙanƙarar kanta. Sanyi shi kaɗai bai cika kashe ƙwayar halitta ba. Abin da ke kashe ta shi ne ƙanƙara ta tsiro a cikinta ko a jikinta ta farke fatarta, ko kuma ta zuƙe mata ruwa. Shi ya sa tumatirin da ya daskare in ya narke yake zama laɓo-laɓo. Wannan gansakukar tana fitar da wani furotin mai manne wa ƙanƙara. Yana zuwa ya lafe a fuskar ƙanƙarar da ke girma, ya hana sababbin ƙwayoyin ruwa samun wurin zama sai a ƴan tsakankani, don haka girman ya lanƙwashe, ya rage gudu. Yana kuma hana ƙananan ƙanƙara haɗewa su zama manya masu kaifi. Sakamakon shi ne kafar da take ciki ba ta rufewa, ba ta kuma tsiyayewa da wuri. Bayan wannan tana fitar da wata yauƙi ta sukari da take lulluɓe jikinta da ita. Yauƙin yana riƙe ruwa, yana rage kaifin gishiri, yana manna ta da bango don kada ruwa ya wanke ta, kuma an nuna a ɗakin gwaji cewa ƙanƙarar da ta girma tare da wannan yauƙi kafofinta sun fi yawa, sun fi karkacewa, sun fi riƙe gishiri. A ganina nan ne abin mamakin yake. Ba jure wa wurin kawai take yi ba, da hannunta a cikin ginin sa. Wani ƙarin abu shi ne masu binciken gado sun ga alamar cewa umarnin ƙera wannan furotin ba daga kakanninta ta gaje shi ba, daga wasu ƙananan halittu irin su bakteriya ya ƙetaro zuwa gare ta.

Ba ma a zaune take wuri ɗaya ba. Dayatom masu siffar sanda ko kwalekwale da yawa suna da wata tsaga a ɓawonsu, ta nan suke fitar da yauƙi su ja jiki a kansa. A 2025 masu bincike na Jami'ar Stanford a Amurka sun wallafa cewa sun ga dayatom na Aktik suna tafiya a cikin ƙanƙara har a digiri 15 ƙasa da sifili.

Ta biyu ita ce gishiri, kuma ni na fi ganin wahalarsa a kan ta sanyi. Ruwa yana bin gishiri ne. In na waje ya fi na ciki kauri, ruwan jikin ƙwayar sai ya fice ta yamushe, dalilin da ya sa gishiri yake hana kifi da nama ruɓewa ke nan. Maganin da take yi shi ne ta tara wasu ƙananan sinadarai a cikinta, irin su furolin da wani mai ɗauke da farar wuta da ake taƙaita sunansa DMSP, waɗanda suke daidaita kaurin ciki da na waje ba tare da sun lalata aikin ƙwayar ba. Amma tsugune ba ta ƙare ba, don in bazara ta zo dusa ta narke, ruwan daɗi ne ke kwararowa cikin kafofin, gishirin ya faɗi warwas cikin ɗan lokaci. Yanzu kuma ruwa zai ruga cikinta ne ya nemi fasa ta, dole ta zubar da abin da ta tara da sauri. Saboda wannan ne masu bincike da yawa ba sa narkar da ƙanƙarar da suka yanko haka kawai. Sukan sa ta a cikin tataccen ruwan teku, a duhu, a wuri mai sanyi, ta narke a hankali, don kada ƙwayoyin masu laushi su fashe kafin a ƙirga su. Shi kuma DMSP ɗin in ya fita ya ruɓe yana ba da wata iska da ke cikin abin da ke ba teku warinsa, kuma tana cikin abubuwan da tururi ke taruwa a kansu a yi gajimare.

Sanyin ma yana da nasa aikin a kan fatar ƙwayar, wadda da mai aka yi ta. Mai in ya ji sanyi yana sandarewa. Sai ta cika fatar da irin man da ba ya saurin daskarewa, wato dangin omega-3. Man kifin teku da ake sayarwa a kantin magani asalinsa daga irin waɗannan gansakuka ne, kifin ci ya yi ya tara.

Ta uku duhu. A daidai ƙarshen duniya rana tana faɗuwa ta yi wata shida ba ta fito ba, a wuraren da ke ɗan nesa kuma makonni ne ko ƴan watanni. Halittar da hasken rana ne abincinta, yaya za ta yi? Tana tara mai da wani irin sukari tun da sauran haske, in duhu ya shiga ta rage duk aikin jikinta zuwa ɗan abin da zai riƙe rai, ta daina rabuwa. An ajiye Fragilariopsis cylindrus wata uku a duhu a ɗakin gwaji, da aka kunna haske ta koma aiki, saboda ba ta rushe kayan kama haskenta gaba ɗaya ba. Ko da rana ta dawo ma, abin da ke isa gindin ƙanƙarar ɗan kaɗan ne. Dusa ta fi ƙanƙarar kanta tare haske, ƴan santimitoci na dusa suna iya rage shi ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Jirgin binciken Jamus mai suna Polarstern ya shiga ƙanƙarar Aktik da gangan a 2019 ya bar ta ta riƙe shi tana yawo da shi har 2020, a aikin da aka kira MOSAiC. Daga awon da aka yi a wannan tafiya, Clara Hoppe da abokan aikinta sun wallafa a 2024 cewa gansakukar ta fara ƙaruwa tun ƙarshen Maris, da hasken da bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 na hasken rana a fili ba. Wannan ya yi kusa da iyakar da lissafi ya ce haɗa abinci da haske zai yiwu.

A 2017 Thomas Mock na Jami'ar East Anglia a Ingila da abokan aikinsa sun wallafa cikakken kundin gadon wannan halitta a mujallar Nature. Abin da ya fi jan hankali shi ne wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kundin, kwafi biyun da take ɗauke da su sun sha bamban da juna ƙwarai, kuma wanda ake kunnawa ya danganta da halin da take ciki, duhu ne ko ƙarancin sinadarin ƙarfe ko daskarewa. Ga halittar da muhallinta ke juyewa daga wannan ƙarshe zuwa wancan a cikin shekara ɗaya, wannan babban jari ne. Kuɗin da ta biya kuwa shi ne ba ta iya ɗumi. A ɗakin gwaji a cikin firigo ake renonta, ƴan digiri kaɗan sama da sifili, inuwar da mu muke kira sanyi a watan Janairu ita halaka ce gare ta.

Bari in koma kan naman yarinyar nan, don akwai darasin lafiya a ciki. Firigo ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su yake yi. Ƙwayoyin da ke ruɓar da nama ba su da dabarun da na lissafa, saboda haka ba sa hayayyafa a naman da ya daskare, amma da yawansu suna nan da rai, in nama ya narke su ci gaba daga inda suka tsaya. Haka ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa tana iya ɗaukar ƙwayar kwalara da ta zawo. Wannan ya kamata ya shiga kunnen yara kafin azumi, lokacin da kowa ke jefa ƙanƙarar da bai san ruwanta ba a cikin abin shan buɗa baki.

Amfanin gansakukar a can babba ne, kuma sirrin yana ga lokaci. Gansakukar ƙanƙara tana bunƙasa makonni kafin ta cikin ruwa ta fara, lokacin da babu wani abinci a tekun. Ƙananan halittu dangin jatan lande, irin su Calanus glacialis a arewa, suna tasowa daga zurfi su ci ta, su sami man da za su yi ƙwai da shi. Su kuma wani ɗan kifin Aktik ya cinye su, dabbar ruwan nan sil ta ci kifin, farin beyar ya ci sil. A kudu ƴaƴan kiril, wato wani ɗan ƙaramin jatan lande, su ne ke kankare gindin ƙanƙarar da ƙafafunsu a lokacin hunturu, kuma kiril shi ne abincin tsuntsun fengwin da manyan dabbobin teku irin su wel. A tsakiyar tekun Aktik inda ƙanƙara ba ta cika ɗagawa ba, an auna cewa gansakukar ƙanƙara tana iya samar da fiye da rabin abincin da ake haɗawa da hasken rana a wurin. A gefe-gefe rabonta ya fi haka ƙanƙanta. Abin da ba a ci ba yana nutsewa. Akwai wani iri mai suna Melosira arctica wanda ƙwayoyinsa ke haɗuwa su yi zare mai tsawon mitoci yana reto a ƙarƙashin ƙanƙara. A bazarar 2012 ayarin Antje Boetius a jirgin Polarstern ya tarar da curi-curinsa zube a ƙasan teku, a zurfin mita 4,000 da wani abu, dabbobin ƙasan teku sun taru a kai suna ci. Ɓawonsu na silika da wasu mayukansu kuma suna daɗewa a cikin laka, har masana suna amfani da su su gane inda ƙanƙara ta kai shekaru dubbai da suka wuce.

Shekarar 2012 ɗin nan ita ce shekarar da ƙanƙarar Aktik ta fi raguwa tun da aka fara auna ta da tauraron ɗan adam a 1979. A watan Satumba ta sauka zuwa wajen murabba'in kilomita miliyan 3.4. A jimlace ƙanƙarar ƙarshen bazara tana raguwa da kimanin kashi 12 cikin ɗari kowace shekara goma. Ta Antaktika ta daɗe ba ta nuna raguwa ba, sai ga shi a Fabrairun 2023 ta faɗi zuwa miliyan 1.79, mafi ƙanƙanta da aka auna har lokacin. Wasu za su ce ai ƙanƙara in ta yi siriri haske zai ƙaru, gansakuka ta yi yawa. Akwai gaskiya a ciki, a wasu wuraren haka ake gani. Amma ni ban ɗauki wannan a matsayin albishir ba. Ƙanƙarar da ta narke da wuri tana zubar da mazauna cikinta kafin masu cinsu su shirya, kuma ƴaƴan da aka ƙyanƙyashe bisa tsohon lokaci sai su fito su tarar an tashi kasuwa. Yawan abinci bai wadatar ba in bai zo a kan kari ba.

Yaro mai wayo zai tambaye ki, to mu ina ruwanmu? Kada ki ce masa wannan gansakukar ce ke kawo mana damina ko fari, ƙari ne, kuma yara suna gane ƙari. Abin da za ki iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne dangin dayatom gaba ɗayansu, na teku da na tabki, su ke yin wajen kashi ɗaya cikin biyar na duk haɗa abinci da hasken rana da ake yi a duniya, tare da iskar oksijan da ke fita daga wannan aiki. Sannan danginsu suna zuwa mana har gida kowace shekara. A arewacin Cadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda gindin tsohon babban Tabkin Cadi ne, lokacin da faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Da tabkin ya janye ya bar farar ƙasa mai laushi wadda mafi yawanta ɓawon dayatom na ruwan daɗi ne. Iskar hunturu tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi ta fito da ƙarfi ta kwashi wannan ƙasa, kuma ana lissafa wurin a matsayin mafi girman tushen ƙura a duniya. Wani kaso na hazon da ke rufe mana rana daga Disamba zuwa Fabrairu daga can yake, wani kuma ya ƙetare tekun Atalantika. Tun a 1832 Charles Darwin ya tara ƙurar da ta sauka a jirgin ruwan da yake ciki a kusa da tsibiran Kap Ber, kuma Ehrenberg ɗin nan ne ya duba irin wannan ƙura ya ga ɓawon dayatom na ruwan daɗi a ciki.

Don yara su ga dayatom mai rai, ba sai an je nesa ba. A gefen tabkin Madarunfa, ko a kududdufin da Gulbin Maraɗi ya bari bayan damina, ki nemi dutse ko karan ciyawa da ke cikin ruwa mai santsi ruwan ƙasa-ƙasa a jikinsa. Ba koren zaren nan da ke yawo a sama ba, wannan wani dangi ne daban. Ki kankare santsin da tsohon buroshin haƙori a cikin ƴar kwalba da ruwan wurin, ki bar murfin a sake, kada ki bar ta a rana, ki duba a ranar ko washegari. Ɗigo ɗaya a gilashi ya isa. A mikiroskop ki fara da ƙaramin ido ki nemo wurin, sannan ki koma ninki 400, ki rage hasken ƙasa kaɗan don ɓawon yana ɓacewa a haske mai yawa. Za ki ga ƴan abubuwa masu siffar kwalekwale ko allura, launin zinariya, wasu suna tafiya gaba a hankali su tsaya su dawo da baya, da irin yauƙin da ƴan uwansu na ƙanƙara suke ja da shi. In makarantarku ba ta da mikiroskop mai kai wannan ninki, ki tuntuɓi sashen kimiyya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko wani lise mai ɗakin gwaji ki nemi a ba ku rana ɗaya, ki kuma raba yaran rukuni-rukuni kowa ya zana siffa uku da ya gani.